Tarin da ya tona asirin ƙanjamau

1/ Jama'a, kun san ba a jini aka fara gano ƙanjamau ba? A huhu aka fara ganin sawunta. Ku biyo ni. 🧵

2/ Farkon 1981, a hukumar CDC ta Amurka, akwai wata ma'aikaciya Sandra Ford da ke aika wa likitoci maganin pentamidine, wanda a Afirka ciwon barci ake yi wa magani da shi. Sai ta ga buƙatarsa ta yi yawa, duk don wani ciwon huhu mai suna PCP. A da, sai mai ciwon daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda yake kamawa. Waɗannan kuwa samari ne majiya ƙarfi.

3/ Ranar 5 ga Yuni, 1981, hukumar ta fitar da rahoton samari 5 masu wannan ciwo a Los Anjales, 2 sun riga sun rasu. Sai a 1983 aka gano ƙwayar HIV.

4/ Ita ƙwayar PCP, yawancinmu mun shaƙe ta tun muna yara. Garkuwar jiki ke danne ta, sai garkuwar ta rushe take samun fili.

5/ A nan Afirka kuwa tarin fuka ne babban makashi, kuma nan ne ya fi min ciwo. Gwajin kaki a madubin likita, dabarar da ta faro tun zamanin Robert Koch a 1882, yakan kasa ganin ƙwayar a mai ƙanjamau, don ba ta fitowa da yawa a kakinsa. Sai a ce ba komai, ya koma gida yana ta tari. Wani ma ciwon biyu ne a huhu ɗaya, ana maganin wannan, wancan na ci.

6/ Sai a ƙarshen 2010 WHO ta amince da na'urar GeneXpert mai ba da sakamako cikin awa 2.

7/ Ga wanda na fi so. A 1999, wani bincike a Abidjan ya nuna Septrin, e, wannan mai arha na kemis, ya rage mutuwar masu ƙanjamau da tarin fuka da kusan rabi. Ba tarin fukar yake kashewa ba, sauran ƙwayoyin da ke laɓe yake tarewa. (Don Allah kar wani ya je ya saya ya sha da kansa.) A 2000 WHO ta ba da shawarar a riƙa ba masu cutar a Afirka.