"Kuna Ji Na?": Tarihin Makirufo da Yadda Za Ka Gano Inda Muryarka Ta Maƙale

Ranar 10 ga Maris 1876, a birnin Boston na Amurka, Alexander Graham Bell ya yi magana cikin wata na'ura da ya haɗa, ya ce wa mataimakinsa Thomas Watson, wanda ke wani ɗaki, ya zo. Sai ga Watson. Ka ga kenan kiran waya na farko a duniya gwajin makirufo ne. Shekara wajen 150 bayan haka, har yau da "kuna ji na?" ake buɗe taro a Zoom. Sai dai shi Bell in ba a ji shi ba, ƙofa kawai zai buɗe. Kai kuwa, mai karatu, wataƙila hirar neman tallafin karatu ce, ko kare kundin digiri, an ba ka 'yan mintoci, rabinsu ya tafi a laluben madannai.

Tsakanin bakinka da kunnen mai sauraronka, murya tana ratsa ƙofofi huɗu, kowacce da zamanin da aka gina ta. In ka san su a jere, za ka daina taɓe-taɓe a makance.

Ƙofa ta farko: makirufon kansa

Aikin makirufo ɗaya ne tun asali: wani ɗan faifai siriri, kamar fatar ganga, yana rawa idan sauti ya bugi shi, sai a mai da rawar ta zama lantarki. Na Bell na wannan rana waya ce aka tsoma cikin ruwa mai asid, abin da ba zai shiga gidajen mutane ba. A 1877 da 1878, Emile Berliner da Thomas Edison a Amurka, da David Hughes a Landan, kowa ya yi nasa aikin a kan makirufo mai gawayi. Murya na matse gawayin, ƙarfin lantarkin da ke ratsa shi na sauyawa. Irin mai ƙwayoyin gawayi ya riƙe wayoyin tarho kusan shekara ɗari. Aibinsa shi ne ƙwayoyin kan dunƙule, murya ta dushe, shi ya sa mutanen da ke bubbuga kan tarho a tebur, kuma da gaske abin yana aiki.

A 1916 Edward Wente na kamfanin Western Electric ya fito da wani mai faifai biyu dab da juna, rawar ɗaya na sauya tazarar da ke tsakaninsu. Sautinsa garau, amma yana buƙatar wuta mai ƙarfi. A 1962 Gerhard Sessler, Bajamushe, da James West, baƙar fatar Amurka, suka warware wannan a Bell Labs da wata leda mai riƙe cajin lantarki na dindindin. Makirufo ya zama ƙarami, ya yi arha. Shi ne a cikin yawancin iyafis mai waya. Daga farkon shekarun 2000 kuma aka fara sassaƙa shi a kan silikon, bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ne bayan ɗan ramin nan na wayarka ko gefen kyamarar kwamfutarka.

Don haka bubbugawa ba ta da amfani yanzu, babu gawayin da zai warware. Abin yi shi ne ka rufe manhajar kira, ka buɗe ta ɗaukar murya da ke cikin kwamfutar, ka yi magana, ka saurara. In ka ji kanka sarai, makirufo lafiyarsa lau. In murya ta yi can ƙasa, duba ko ƙura ko sitika ta toshe ramin, sannan ka matso. A fili, duk lokacin da ka ninka tazara, ƙarfin sautin da ke isa makirufo yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, ita kuwa ƙarar fanka ko janareta tana nan yadda take.

Ƙofa ta biyu: filogi

Filogin iyafis jikan wanda ma'aikatan musayar tarho ke sokawa da hannu ne tun ƙarni na 19. Duba bakinsa ka ƙirga zobban da ke jiki. Zobe biyu, sauraro kawai yake yi. Zobe uku, akwai layin makirufo. Tsoffin kwamfutocin tebur kuma rami biyu gare su, bisa tsarin launi na ƙarshen shekarun 1990: kore na sauraro, ruwan hoda na makirufo. Ka soka iyafis mai zobe uku a koren, za ka ji kowa, ba wanda zai ji ka, sai ka sayi 'yar wayar da ke raba shi gida biyu. Akwai kuma wani tarko: tsari biyu ne na jera layukan, CTIA da OMTP, sun musanya gurbin layin makirufo. Yawancin na'urorin yau CTIA suke bi, tsoffin wayoyin Nokia kuwa OMTP.

In Bluetooth kake amfani da shi, ka lura da zarar kira ya fara sautin kan koma kamar na tsohon tarho? Ba lalacewa ya yi ba. Da an kunna makirufonsa yake sauka daga tsarin jin waƙa zuwa tsarin kiran waya, wanda ke ɗaukar yanki kaɗan na sauti.

Ƙofa ta uku: izini

Wannan ita ce ƙaramarsu a shekaru. A 2011 Google ya saki fasahar WebRTC, wadda ta sa ana iya kiran bidiyo kai tsaye daga burauza. To amma in shafin intanet zai iya jin ka, zai iya yi maka leƙen asiri, sai aka sa doka: sai ya nemi izini. Windows da macOS su ma suka kafa tasu ƙofar. Ka taɓa danna "a'a" sau ɗaya da gaggawa, burauza ta riƙe. Duba alamar da ke gefen adireshin shafin, da sashen sirri a saitin kwamfutar. Sannan ka tabbatar wane makirufo manhajar ta zaɓa, don sau da yawa kana magana cikin iyafis ita tana sauraron na jikin kwamfutar. Kar ka manta ana iya rufe murya a wuri uku: a manhaja, a madannin kwamfuta, da ɗan makunnin jikin wayar iyafis.

Ƙofa ta huɗu: hanya

A 1965 aka harba Early Bird, tauraron ɗan'adam na sadarwa, can sama wajen kilomita 36,000. Hawa da sauka na cin kusan rubu'in daƙiƙa, don haka muryar da ta dawo daga ɗaya ɓangaren takan iso bayan kusan rabin daƙiƙa. Mutum ya riƙa jin amsa-kuwwar kansa, magana ta harɗe masa. A 1967 Mohan Sondhi, ɗan asalin Indiya a Bell Labs, ya wallafa dabarar na'ura mai koyon siffar amsa-kuwwar, ta ƙera irinta, ta debe ta daga sautin. Jikokin wannan dabara ne ke aiki cikin Zoom da Teams da WhatsApp a yau.

Ga abin da mutane da yawa ke juyawa: in kai ne ke jin muryarka tana dawowa, matsalar tana wajen wancan. Muryarka ce ta fita ta sifikarsa ta koma makirufonsa. Roƙe shi ya sa iyafis ko ya rage ƙara. In su ne ke jin kansu, to daga wajenka ne. Ƙugin nan mai tsinka kunne kuwa, irin na lasifikar taron biki, yakan taso idan na'urori biyu a ɗaki ɗaya suka shiga kira ɗaya. Kashe makirufo da sifikar ɗaya daga ciki.

Idan kuma murya na yankewa ko tana fita kamar ta mutum-mutumi, alhali abin da ka ɗauka a matakin farko ya fita tsaf, intanet ce. Kashe bidiyo, don ya fi murya cin data nesa ba kusa ba.

Skype, da ya fito a 2003, kafin a rufe shi a 2025 yana da wani asusu mai suna echo123: ka kira shi, ya ɗauki muryarka na 'yan daƙiƙu, ya mayar maka. Teams da Zoom suna da gwaji mai kama da wannan a saitin sautinsu. Yi shi rabin awa kafin kira mai muhimmanci, da iyafis ɗin da za ka sa, a ɗakin da za ka zauna. In ya ƙi, koma ka ɗauki muryarka, ka duba filogi, ka duba izini, sannan intanet. Ka kuma ajiye wayarka kusa, da manhajar a buɗe, ko da za a ɗauke wuta ana tsaka da magana.