Ishi, Baka da Iska: Waiwaye a Tarihin Farautar Barewa a Amurka

Gabatarwa

Maharbin da ya shiga daji da kwari da baka yana da abubuwa biyu da zai yi fama da su: dabbar da yake nema, da kuma iskar da ke kaɗawa tsakaninsa da ita. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin yadda sanin iska a fagen farauta ya tashi daga hannun wata al'umma da aka ƙarar a Amurka, ya faɗa hannun Turawan da suka gaje ƙasarta. Dabbar da za mu yi magana a kanta ita ce wadda namijinta ke da ƙaho mai rassa, yana zubar da shi kowace shekara. Da yake babu irinta a dazuzzukanmu, za mu kira ta barewa, kamar yadda aka saba.

Matsayin Iska a Farautar Baka

Mai bindiga yana iya harbi daga nesa, amma mai baka tilas ne ya yi sanɗa har ya kusanci dabba. Ita kuwa barewa, hancinta ya fi idonta tsaron ranta. Muddin iska ta ɗauki warin mutum ta kai mata, to farautar wannan rana ta ƙare. Saboda haka maharbi kan nufi dabba ta inda iska za ta riƙa bugun fuskarsa. A ƙasa mai tsaunuka al'amarin ya fi wuya, domin idan rana ta ɗumama ƙasa da hantsi iska kan hau sama, idan kuma yamma ta yi sanyi sai ta gangaro cikin kwari.

Iska mai ƙarfi tana da nata hukuncin. Takan karkatar da kibiya daga inda aka auna, musamman idan ta bugo daga gefe, tun da kibiya ba ta da saurin harsashi. Haka nan takan sa barewa ta nemi mafaka a bayan tudu ko cikin duhuwa. Sai dai kuma tana yi wa maharbi rana, domin ƙarar ganye da rangajin rassa suna ɓoye sautin ƙafarsa da motsinsa. Wanda ya san wannan, ranar iska ba ta hana shi fita.

Ishi da Mutanen Yahi

Yahi wani reshe ne na ƙabilar Yana, mazauna gindin tsaunukan arewacin Kalifoniya. An ƙiyasta yawansu ya kai kimanin 400 kafin a gano zinariya a wannan yanki a 1848. Tururuwar masu neman arziki ta jawo musu yunwa da cututtuka da kisan kiyashi, irin wanda aka yi musu a 1865 a gaɓar rafin Mill. 'Yan ƙalilan da suka tsira suka ɓuya fiye da shekara 40, suna farauta da baka, wanda ba ya ƙarar da za ta tona asirinsu. A 1908 wasu ma'aikatan safiyo suka afka wa maɓoyarsu a kusa da rafin Deer, suka kwashe musu kaya, har da baka da kibau.

A watan Agusta na 1911, wani mutum mai kimanin shekara 50 ya fito shi kaɗai, a rame, a wata mayanka kusa da garin Oroville. Malaman Jami'ar Kalifoniya, Alfred Kroeber da Thomas Waterman, suka kai shi gidan adana kayan tarihi na jami'ar a San Faransisko. A al'adar mutanensa ba a faɗin sunan kai, don haka bai taɓa bayyana nasa ba. Sai aka laƙaba masa Ishi, wato “mutum” a harshen Yana.

A nan ne ya haɗu da Saxton Pope, likita kuma malami a makarantar likitanci ta jami'ar. Pope ya zama ɗalibinsa a harkar baka, kuma a 1914 sun koma ƙasar Yahi tare da su Kroeber, inda Ishi ya nuna musu yadda yake farauta. Bisa bayanin da Pope ya bari, idan Ishi zai fita neman barewa ba ya cin kifi ana gobe, ba ya shan taba. Da asuba yakan yi wanka a rafi, ya goge jikinsa da ganye mai ƙamshi, ya kurkure baki, ya fita bai ci komai ba. Duk wannan shiri don iska ake yin sa, don kada ta sami warin da za ta ɗauka. Yakan kuma ɗora kan barewa a bisa kansa don ya ruɗi dabbar, ko ya naɗe ganye a leɓɓansa ya kwaikwayi kukan ɗanta. A wajen harbin bango Ishi bai fi Turawan da ke tare da shi ba, amma a wajen sanɗa da haƙuri babu wanda ya kama ƙafarsa.

Daga Neman Abinci zuwa Wasa

Ishi ya rasu ranar 25 ga Maris, 1916, sakamakon tarin fuka. A 1923 Pope ya wallafa littafinsa mai suna Hunting with the Bow and Arrow, wanda ya farfaɗo da sha'awar farautar baka a Amurka. A 1934 jihar Wiskonsin ta keɓe wa masu baka lokacin farautar barewa na musamman, sauran jihohi suka bi sawu. A 1961 aka kafa ƙungiyar maharba mai ɗauke da sunan Pope da abokin farautarsa, Arthur Young. A 1969 kuma Holless Wilbur Allen ya sami rajistar wani sabon baka mai 'yan tayoyi a bakinsa biyu, waɗanda ke rage nauyin riƙe tsirkiya bayan an ja. Kibiya ta ƙara sauri, amma har yau maharbin Amurka yana yawo da 'yar kwalbar hoda, yana fesawa don ya ga inda iska ta nufa.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, dabarar ta rayu, harshen da ya raine ta kuwa ya mutu. Masanin harshe Edward Sapir ya zauna da Ishi a 1915 yana rubuta maganarsa, an kuma naɗi muryarsa a faifan kakin zuma fiye da 100, amma yau babu mai magana da harshen Yahi. Hatta ƙwaƙwalwarsa, da aka cire bayan rasuwarsa aka aika cibiyar Smithsonian, sai a shekarar 2000 aka mayar wa danginsa na Yana suka binne.

Wannan labari ya shafe mu. Maharban ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci dabba, dabara ɗaya suke yi da ta Ishi, ko da yake teku ta raba su. Daji yana ƙarewa, bindiga ta ture baka, tsofaffin da suka san halin iskar hunturu da ta bazara suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sapir ya sami mutum guda tak, a shekararsa ta ƙarshe. Mu kuwa har yanzu muna da maharba a ƙauyukanmu, da kirarinsu da kalmomin sana'arsu. Ya kamata ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri su je su zauna da su tun suna da rai.