Ɗaliban Farko na Babban Digiri a Jami'ar Johns Hopkins, 1876 zuwa 1926

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga neman digiri na biyu ko na uku ya san al'adun da ke tattare da shi: a ba ɗalibi malamin da zai duba aikinsa, ya karanta takarda gaban 'yan'uwansa su tsefe ta, ya rubuta kundi, sa'an nan ya zauna gaban manyan malamai ya kare abin da ya rubuta. Saboda sabo, mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali kuwa tsari ne mai tarihi. A jami'o'in Jamus ya tsiro, musamman bayan kafa Jami'ar Balin cikin 1810, daga nan ya ƙetara teku ya yi jijiya a Amurka. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ɗalibai suka ji a jikinsu sa'ad da aka fara gwada wannan tsari a wata jami'a mai zaman kanta, watau Jami'ar Johns Hopkins ta birnin Baltimore, a kuma ga irin ikon da malami da kuɗi da amintattun jami'a suke da shi a kan makomar ɗalibi.

Asalin Jami'ar

Johns Hopkins attajiri ne na Baltimore wanda ya tara dukiya ta hanyar fatauci da hannun jari a kamfanin jirgin ƙasa na Baltimore da Ohio. Ya rasu cikin Disamba 1873 bai bar mata ko ɗa ba, ya yi wasiyyar dala miliyan 7, rabi a gina jami'a, rabi a gina asibiti. Kafin wannan lokaci yawancin kwalejojin Amurka aikinsu tarbiyyar samari ne da haddar Latin da Girkanci. Jami'ar Yale ta ba da digirin dakta na farko a ƙasar cikin 1861, amma abin bai zama ginshiƙin aikinta ba, saboda haka dubban Amurkawa masu neman zurfin ilmi Jamus suke tafiya.

Amintattun da aka danƙa wa dukiyar ba su da gwamnati ko coci a kansu, don haka suna da ikon yin abin da suka ga dama. Suka ɗauko Daniel Coit Gilman daga Jami'ar Kalifoniya, aka rantsar da shi shugaba ran 22 ga Fabrairu 1876. Ra'ayinsa shi ne a kashe kuɗi kan mutane, gini ya biyo baya. Ta haka aka fara karatu a cikin wasu gidaje marasa ado a tsakiyar gari, amma aka tara malamai irin su Basil Gildersleeve a fannin Girkanci, da Ira Remsen a fannin kimiyyar haɗa magunguna, dukkansu masu digirin Göttingen, da Henry Rowland a fannin fiziya, da kuma J. J. Sylvester, shahararren masanin lissafi daga Ingila. An buɗe da ɗalibai 89, daga cikinsu 54 sun riga sun sami digirin farko a wasu wurare.

Tallafin Dala 500

Dabarar da ta fi jawo ɗalibai ita ce gurbin tallafi guda 20 da aka bayar cikin 1876, kowane gurbi dala 500 a shekara. Mutum 152 suka nema. A lokacin abin mamaki ne a biya saurayi kuɗi don kawai ya zauna ya yi bincike. Cikin waɗanda suka dace akwai Josiah Royce, ɗan Kalifoniya, wanda yana cikin mutum huɗun da suka karɓi digirin dakta na farko na jami'ar cikin 1878, daga baya ya zama babban malamin falsafa a Harvard.

Amma gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma wanda ya rasa sai ya san inda dare ya yi masa. John Dewey, wanda duniya ta sani a yau a fannin falsafar ilmi, ya nemi tallafin bai samu ba, sai da ya ranci dala 500 wurin wata gwaggonsa kafin ya iya shiga cikin 1882. Ya daure har ya gama cikin 1884. Thorstein Veblen kuwa bai yi wannan sa'a ba. Ya zo cikin 1881, da ya ga babu tallafi sai ya koma Yale, ya gama a can cikin 1884, sa'an nan ya yi shekara bakwai a ƙauye ba shi da aikin koyarwa. Tun daga ranar farko, ke nan, hazaƙa ita kaɗai ba ta isar ɗalibi, sai an haɗa ta da abin sawa a bakin salati.

Zaman Ɗalibi da Malaminsa

Zuciyar sabon tsarin ita ce zaman muhawara, wanda ake kira samina. Ya yi kama da karatun zaure ta fuskar ƙanƙantar taro da kusancin ɗalibi da malami, sai dai a nan ba littafi ɗaya ake bi ana fassarawa ba. Kowane ɗalibi shi ke kawo abin da ya tono, sauran su yi masa tambayoyi. Zaman da ya fi suna shi ne na tarihi da siyasa, wanda Herbert Baxter Adams, mai digirin Heidelberg, yake shugabanta. Ana haɗuwa ran Juma'a da dare, a kewaye wani dogon tebur cikin ɗakin littattafai. Adams yana da ra'ayin cewa tushen mulkin garuruwan Amurka daga tsoffin ƙabilun Jamus ya fito, ya kuma ɗora ɗalibansa kan tonon tsoffin takardun garuruwa don a tabbatar da haka.

Ba kowane ɗalibi ya yarda ba. Woodrow Wilson, wanda ya bar aikin lauya ya shigo cikin 1883, ya gaji da wannan tono, domin shi abin da ke ransa shi ne yadda majalisar dokokin ƙasarsa take aiki a zamaninsa. Ya je ya gaya wa Adams, shi kuwa Adams ya sakar masa mara. Abin da ya fito daga wannan sassauci shi ne littafinsa kan mulkin majalisa, wanda aka buga cikin 1885, aka kuma karɓe shi a matsayin kundi aka ba shi digiri cikin 1886. Wilson ya shugabanci Amurka daga 1913 zuwa 1921. Haka kuma Frederick Jackson Turner, wanda ya gama cikin 1890, ya tashi a Chicago cikin 1893 ya karanta takardar da ta juya wa ra'ayin malaminsa baya, inda ya ce faɗaɗar ƙasar zuwa yamma ita ce ta gina halin Amurkawa. Darajar Adams ita ce ya horar da mutanen da suka iya ƙaryata shi, bai kuwa toshe musu hanya ba.

A sashen lissafi labarin dabam ne. Sylvester ya haura shekara sittin sa'ad da ya zo, kuma an san shi da barin darasin da ya sanar, ya shiga bayanin abin da ya gano a daren jiya. Ɗalibin da ke son tsararren karatu ya sha wuya a hannunsa, amma wanda ya iya binsa ya ga yadda ake haifar sabon ilmi da idonsa. Cikin 1878 aka fara buga mujallar lissafi a ƙarƙashinsa, ɗalibai suka sami wurin da aikinsu zai fito.

Mata a Bakin Ƙofa

'Yancin da ya ba amintattu damar ɗauko malamin da suke so shi ne kuma ya ba su damar hana wanda ba su so. Sun yanke shawara jami'ar ta maza ce. Cikin 1878 wata malamar makaranta mai suna Christine Ladd, wadda ta gama Kwalejin Vassar, ta nemi shiga. Sylvester ya riga ya san ayyukanta a mujallun lissafi, ya tsaya mata tsayin daka. Shi kansa ya san zafin wariya, gama ya ci jarrabawar Cambridge cikin 1837 da babban sakamako, amma don shi Bayahude ne ba a ba shi digirin ba sai cikin 1872.

Aka bar ta ta halarci darussa, daga baya har aka riƙa biyan ta dala 500 ɗin, amma aka ƙi sa sunanta cikin jerin masu riƙe da gurbin. Ta yi bincike kan mantiƙi a ƙarƙashin Charles Sanders Peirce, ta cika dukkan sharuɗɗa cikin 1882, aka buga aikinta cikin 1883, amma aka hana ta digirin. Sai cikin 1926, a bikin cikar jami'ar shekara 50, aka miƙa mata shi, tana da shekara 78 a duniya. Tsakanin kammala aikin da karɓar takardar shekara 44 ke nan.

Mace ta farko da ta karɓi digirin dakta a jami'ar ita ce Florence Bascom, a fannin ilmin duwatsu, cikin 1893, ita ma an zaunar da ita a bayan kariya a kusurwar aji don kada ta ɗauke hankalin maza. A shekarar ce kuma aka buɗe makarantar likitanci, kuma abin da ya sa ta karɓi mata tun farko shi ne kuɗi: jami'ar ta rasa abin buɗe ta, sai Mary Elizabeth Garrett ta kawo kaso mafi tsoka da sharaɗin a ɗauki mata daidai da maza. Sauran sassan babban digiri ba su buɗe wa mata ƙofa a hukumance ba sai cikin 1907.

Kelly Miller da Faɗuwar Hannun Jari

Baƙin mutum na farko da ya yi karatu a jami'ar shi ne Kelly Miller. An haife shi cikin 1863 a Carolina ta Kudu, uwarsa baiwa ce. Bayan ya gama Jami'ar Howard, masanin taurari Simon Newcomb ya shige masa gaba, aka ɗauke shi cikin 1887 ya karanta lissafi da fiziya da ilmin taurari. Ana cikin haka sai kamfanin jirgin ƙasan da galibin dukiyar jami'ar ke jingine da shi ya shiga matsala ya daina biyan riba. Jami'a ta ƙara kuɗin makaranta, Miller ya kasa biya, ya fita cikin 1889 babu digiri. Ya koma Howard ya zama malamin lissafi, daga bisani shugaban tsangaya. Bayansa sai cikin 1945 aka ɗauki baƙin ɗalibi na farko a karatun digirin farko.

Labarin Miller ya nuna raunin jami'ar da ke dogara ga dukiyar mutum ɗaya. In kasuwa ta yi kyau ɗalibi ya sha romo, in ta faɗi kuwa a kan wanda ya fi kowa talauci ginin yake fara rushewa.

Yaɗuwar Tsarin

Ba a daɗe ba sauran jami'o'i suka bi sawu. Aka buɗe Clark cikin 1889 da Chicago cikin 1892 a kan irin wannan manufa, Harvard da Columbia suka ƙarfafa sassansu na babban digiri, cikin 1900 kuma jami'o'i 14 suka kafa ƙungiya don daidaita sharuɗɗan digirin. Tun cikin 1903 William James na Harvard ya yi gargaɗi cewa kwalejoji sun fara fifita laƙabin dakta a kan iya koyarwa, kuma ana barin samari da yawa cikin takaici saboda neman sa. Ingila ta jinkirta har 1917 kafin Oxford ta kafa nata digirin, kuma ta hanyar Ingila da Amurka ne tsarin ya iso jami'o'in Afirka ta Yamma. Batun abinci bai mutu ba ko a inda aka fara, domin cikin 2023 ɗaliban digiri na uku na Johns Hopkins sun jefa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago, kuma albashi yana kan gaba cikin buƙatunsu.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, ingancin babban digiri bai rataya ga tsayin gini ba. Wilson da Turner sun ci riba don malaminsu ya yarda a saɓa masa. Dewey ya tsira da rance, Veblen da Miller kuwa rashin kuɗi ya kore su. Christine Ladd ta cika kowane sharaɗi na ilmi, amma hukuncin amintattu ya tsare ta har tsufa. A Nijeriya an fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi cikin 1999, kuma da dama daga cikinsu sun shiga ba da digiri na biyu da na uku. Ya kamata ɗalibin da zai nufi irin wannan jami'a, da ma'aikacin gwamnatin da zai sa hannu kan izininta, su tambayi su wane ne malaman da za su zauna da ɗalibi, daga ina kuɗin tallafi zai fito in kasuwa ta juya, kuma wa ɗalibi zai kai wa kuka in masu jami'ar sun yanke hukuncin da ya saɓa wa cancanta. Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ta raba makomar ɗaliban Baltimore shekara ɗari da hamsin da suka wuce.