Microscience: Akwatin da ya ƙanƙantar da ɗakin gwajin kimiyya domin yara

Microscience tsari ne na koyar da kimiyya a aikace da ƙananan kayan roba da 'yan ɗigo na sinadarai, a maimakon manyan kwalabe da bututan gilashi. An ƙera akwatinsa ne domin makarantun da ba su da ɗakin gwaji, ko ruwan famfo, ko wutar lantarki.

Asalinsa

Cibiyar RADMASTE ta Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg a Afirka ta Kudu ce ta fito da akwatin cikin shekarun 1990, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa John Bradley. A lokacin ƙasar na fita daga mulkin wariyar launin fata, wanda ya bar ɗimbin makarantun baƙar fata babu kayan gwaji. Daga 1996 hukumar UNESCO da ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, suka shiga yaɗa tsarin a ƙasashe masu tasowa.

Abin da ke cikinsa

Jigon akwatin shi ne wani farantin roba da ake kira Comboplate, mai gurabe 60: manya 12, ƙanana 48. Kowane gurbi yana yin aikin bututun gwaji guda. Akwai kuma sirinji, da bututan ɗiga ruwa, da 'yar fitila mai aiki da sifirit. Da yake ɗigo biyu ko uku sun wadatar, sinadarin da zai ƙare a gwaji ɗaya na babban ɗaki zai iya isar aji guda. Ƙarancin sinadarin yana rage hayaƙi da haɗarin ƙuna, roba kuma ba ta fashewa kamar gilashi. Ta haka yara uku ko huɗu za su kewaye faranti ɗaya, kowa ya gwada da hannunsa, ba su zuba wa malami ido kawai ba.

Inda yake da rauni

Roba ba ta jure wuta, ƙananan kayan kuma suna da saurin ɓacewa. Idan sinadarai suka ƙare ba a sake sayo su ba, ko malami bai samu horo ba, akwatin sai ya koma ajiya a ofishin shugaban makaranta. A Nijeriya kuwa, jarrabawar aikace ta WAEC da NECO da manyan kayan gilashi ake yin ta, don haka dole ɗalibin sakandare ya saba da su ma.

Ana iya rage matsalar sinadarai da kayan gida. Ruwan zoɓo yana ƙara ja idan aka ɗiga masa lemon tsami, yana komawa kore mai duhu idan aka ɗiga masa ruwan kanwa. Wannan sauyin launi ya isa a nuna wa yaro bambancin asid da kishiyarsa.