Yadda kwanon ɗan kwikwiyo ya samo tarihinsa

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, da wuya ka ga wani abu da ake sayarwa a kanti da sunan abincin kare. Abin da ya saura a tukunya shi ne rabonsa, kamar yadda har gobe mafarauci a ƙasar Hausa ke dama wa karensa dusa ko ya jiƙa masa ƙanzo. Attajiran Ingila masu garken karnukan farauta kan sa a dafa musu hatsin oat da naman dawakan da suka tsufa. A titunan London kuwa akwai 'yan talla da ke yawo da dafaffen naman doki a soke a tsinke, suna sayar wa masu kyanwa da masu kare. Shi kuwa ɗan kwikwiyo, da zarar uwar ta fara korarsa daga nono, sai ya shiga sahun manya ya ci abin da suka ci.

Wajen 1860 wani Ba'amurke daga jihar Ohio, James Spratt, ya isa London yana tallar ƙarfen tsare gini daga aradu. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, a bakin tashar jiragen ruwa ya ga karnuka suna wawar busasshen biskit ɗin da matuƙa suka zubar, sai dabara ta faɗo masa. Ya haɗa garin alkama da kayan lambu da nama, ya gasa, ya fara sayar wa masu hannu da shuni. Ya kuwa zo a kan gaɓa. A 1859 aka yi bikin nunin karnuka na farko a Newcastle, a 1873 aka kafa ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club, kare ya zama abin ado da gasa. Wani yaro mai suna Charles Cruft ya kama aiki a kamfanin Spratt, ya ƙware a talla, daga baya a 1891 ya kafa bikin nunin da har yau ke ɗauke da sunansa. Kamfanin Spratt ya ware biskit na musamman don 'yan kwikwiyo, amma wannan hikimar ɗan kasuwa ce kawai. A lokacin ba a gama sanin abin da ƙashi mai tasowa yake buƙata ba.

Amsar ta fito ne daga wata matsala ta 'yan Adam. A biranen masana'antu na Birtaniya, inda hayaƙi ya rufe rana, yara da yawa na tasowa da ƙafafu a lanƙwashe, gaɓoɓi a kumbure, ƙirji a tsuke. Likitoci sun rabu: wasu na cewa abinci ne, wasu na cewa zaman ɗaki ne da rashin iska. Wani likita mai suna Edward Mellanby ya zaɓi 'yan kwikwiyo don gwaji a London, domin suna girma da sauri, illa ba ta daɗewa ba ta bayyana a jikinsu. Ya tsare su a ɗaki yana ba su kunun oat ko burodi da madarar da aka yashe maiƙonta. Cikin 'yan makonni sai ƙafafun gaba su bauɗe, wuyan ƙafa ya kumbura, ɗan kwikwiyon da ya kamata ya hana mutane sakat da guje-guje ya koma kwance. Da ya ƙara musu man hantar kifi ko man shanu, sai ƙashin ya yi ƙwari. Ya kuma lura da abin da masu kiwo ba su so ji ba: wanda ya fi saurin girma shi cutar ta fi yi wa illa, kuma yawan hatsi yana ƙara ta. A 1919 ya wallafa sakamakon a mujallar The Lancet.

Mellanby ya ɗauka bitamin A ne ke wannan aiki. A 1922 Elmer McCollum na Jami'ar Johns Hopkins ya dafa man hantar kifi yana hura masa iska har bitamin A ya lalace, amma man bai daina gyara ƙashi ba. Ashe wani sinadari ne daban, shi aka raɗa wa bitamin D. Matar Mellanby, May, ta bi haƙoran 'yan kwikwiyon ta nuna yadda abinci ke shafar ƙwarinsu. Abin sha'awa shi ne, sai shekaru da dama bayan haka aka gano cewa fatar kare ba ta iya samar da isasshen bitamin D daga hasken rana kamar ta mutum. Ko an shanya shi a rana, dole sai ya samu a kwano. Mellanby ya yi dace da dabbar gwaji ba tare da ya sani ba.

Bai tsaya nan ba. A 1946 ya nuna cewa wata farfaɗiya da ke sa karnuka ihu da gudun fitar hankali tana zuwa ne daga fulawar da aka faranta da wani sinadari mai suna agene, kuma daga baya aka daina amfani da shi har a burodin mutane.

Kasuwa ita ma ba ta yi barci ba. A 1922 'yan gidan Chappel a Rockford ta jihar Illinois suka fara zuba naman doki a gwangwani da sunan Ken-L Ration, daidai lokacin da mota ke raba dawakai da aiki. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa gwangwani ya yi wuya, aka koma ga busasshen abinci, kuma a 1957 Purina ta baza Dog Chow a faɗin Amurka, wanda inji ke dafawa ya tura shi ta 'yan ramuka ya fito ƙwaya-ƙwaya.

Daga nan matsalar ta juya. Masu kiwo sun ji cewa rashi na lanƙwasa ƙashi, sai suka shiga ɗura. Wani ya ce kare ai ɗan nama ne, ya riƙa ba ɗan kwikwiyo tsoka zalla, alhali tsoka tana da fosfaras da yawa, kalsiyam ɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Jikin sai ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi har ƙashin ya yi laushin da ɗan tsalle ke karya shi. Wani kuma ya ƙara garin ƙashi da ƙwayoyin kalsiyam a kan abincin da ya riga ya cika. A 1974 Åke Hedhammar da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka nuna cewa 'yan kwikwiyon Great Dane da aka bari suka ci iya cinsu sun fi samun ciwon ƙashi da gaɓoɓi a kan waɗanda aka auna wa. A shekarun 1980 Herman Hazewinkel na Utrecht a Holan ya tabbatar cewa yawan kalsiyam shi kaɗai ma yana jawo haka, domin hanjin ɗan kwikwiyo bai iya tace shi ba tukuna, yana zuƙar fiye da buƙata. Don haka a yau ma'aunin ƙungiyar AAFCO ta Amurka ya tanadi aƙalla kashi 22.5 cikin ɗari na furotin a abincin masu tasowa, na manya kuwa 18, sannan ya taƙaita kalsiyam a kashi 1.8 ga 'ya'yan manyan karnuka.

Shawarwarin da likitan dabbobi ke bayarwa yanzu daga wannan doguwar hanya suka fito. A bar ɗan kwikwiyo da nonon uwarsa, a fara nuna masa jiƙaƙƙen abinci yana ɗan mako 3 zuwa 4, a gama yaye wajen mako 6 zuwa 8, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a yini. Madarar shanu ba ta maye gurbin nonon karya, wanda ya ninka ta har da ƙari a maiƙo da furotin, ga shi kuma tana yawan sa zawo.

Akwai kuma wani dogon gwaji da kamfanin Purina ya ɗauki nauyinsa. An ɗauki karnukan Labrador 48 tun suna 'yan mako 8, aka haɗa su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, ana ba ɗaya kashi 75 cikin ɗari na abin da ɗan'uwansa ya ci, har tsawon shekara 14. Da sakamakon ya fito a 2002, waɗanda aka rage wa sun fi jinkirin kamuwa da ciwon gaɓoɓi, kuma matsakaicin ransu ya kai shekara 13, na 'yan'uwansu 11.2. Kamfanin da ke cin riba da cikar kwano shi ya biya kuɗin binciken da ya ce a rage.