Makarantar Kiɗa ta Kiyef da Rigimar Sunanta

A gefen dandalin Maidan na birnin Kiyef, hedikwatar ƙasar Yukren, akwai wani dogon gini mai jerin ginshiƙai. A nan babbar makarantar koyon kiɗa ta ƙasar take, kuma tarihinta ya isa mu tsaya mu duba.

Tushenta wata makarantar kiɗa ce da aka buɗe a 1868, lokacin Kiyef na ƙarƙashin daular Rasha. Zamani ne mai tsanani ga harshen Yukren, domin dokar Ems ta 1876 ta hana buga littattafai da shi, har da baitocin waƙa. Wannan matsi bai sa Mykola Lysenko, mashahurin mai tsara kiɗa, ya saki harshen iyayensa ba. A 1904 ya buɗe tasa makarantar daban.

A 1913 aka ɗaga darajar tsohuwar makarantar ta zama babba. Reinhold Glière ya shugabance ta daga 1914 zuwa 1920, kuma a wannan tsakani ne Vladimir Horowitz, wanda daga baya ya zama gwanin fiyano na duniya, ya yi karatu a cikinta. A 1940 hukumomin Tarayyar Sobiyet suka raɗa mata sunan Tchaikovsky. Da sojojin Jamus suka kawo hari a 1941, sai aka kwashe malamai da ɗalibai zuwa Sverdlovsk, ba su dawo ba sai 1944. Ginin da take ciki yanzu tsohon otel ne, Continental, wanda ya ƙone a yaƙin, aka sake gina shi. A nan Valentyn Silvestrov ya ɗauki darasi wurin Borys Lyatoshynsky.

Da Rasha ta auka wa Yukren a 2022, sai muhawara ta ɓarke a kan sunan. Masu neman a cire shi suka ce Tchaikovsky tambarin daular da ta danne harshensu ne. Masu kare shi suka tunatar cewa zuriyarsa ta wajen uba daga Yukren ta fito, kuma ya sha zama a Kamenka wurin ƙanwarsa yana tsara kiɗa.

Mu da muke raya harshenmu a tsakiyar wasu harsuna mun san nauyin irin wannan gardama. Sunan da ke ƙofar makaranta shi ne darasin farko da ɗalibi ke karantawa kafin ya shiga aji.