Rashin Uba da Tasirinsa ga Tarbiyyar Yara a Unguwar Pantami, Gombe

Tsakure

Maƙalar ta nazarci matsayin uba a tarbiyyar yara a Pantami, bisa fiƙihun Malikiyya da al'ada da binciken masana zamantakewa. Ta nuna cewa illar rashin uba ta fi tsanani a inda babu wanda ya ɗauki nauyin da uban ya bari, ko ya mutu ko yana raye.

Gabatarwa

Pantami na cikin unguwannin Gombe masu yawan jama'a. Birnin ya bunƙasa tun da ya zama hedikwatar jiha a 1996, sannan rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya koro iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, cikinsu har da mata da marayunsu. Ban da mutuwa, yawan sakin aure da doguwar tafiyar neman abinci su ma suna raba yara da ubanninsu.

Nauyin da ke kan uba

A mazhabar Malikiyya, ci da sha da tufafi da matsugunin yaro suna wuyan uba ko da aure ya mutu. Uwa kuma ita ta fi cancanta da reno, har namiji ya balaga, mace kuma ta tare a gidan miji. Uba ne waliyyin 'yarsa, shi ke sa yaro makarantar allo da ta boko, ya haɗa shi da ubangidan sana'a. Michael Lamb da abokan aikinsa sun kasa wannan nauyi gida uku: cuɗanya da yaro, samuwa lokacin da yake buƙata, da ɗaukar ɗawainiyarsa. Mai aiko kuɗi daga nesa ɗaya kawai ya sauke.

Illolin rashin uba

Illar farko ta tattalin arziki ce. A littafinsu na 1994, Sara McLanahan da Gary Sandefur sun gano cewa kusan rabin koma-bayan yaran da suka tashi ba tare da uba a gida ba a Amurka daga ƙarancin kuɗin shiga yake. A Pantami, alamar wannan ita ce a cire yarinya daga aji a ɗora mata talla, namiji kuma ya koma dako a kasuwa.

Ta biyu ita ce rashin mai tsawatarwa. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2007 ya bayyana yadda 'yan siyasa suka yi amfani da matasa marasa aikin yi, 'yan Kalare, wajen bangar siyasa a Gombe. Matashin da babu mai tambayar inda ya kwana ya fi sauƙin faɗawa hannun irin wannan ubangida.

Ta uku ta shafi matsayi a cikin gida. Agola yakan tashi a raɓe a gidan mijin uwarsa, wanda aka bari hannun kishiyar uwa kuma yakan rasa kulawa alhali ubansa na nan.

Kammalawa

Maraya yakan samu baffa ko kawu ya riƙe shi, masallatai da ƙungiyoyin addini kuma su tuna da shi da azumi da salla. Yaron da ubansa ya yi watsi da shi ba ya cikin lissafin kowa, domin ana ganin yana da uba. Saboda haka wajibi ne kotunan shari'a su tilasta biyan kuɗin ciyarwa bayan saki, masu unguwanni da limamai kuma su sanya waɗannan yara cikin masu buƙatar tallafi tare da marayu.